Me ya hana ɓera cika Kejetia, kuma me ya sa amani ke ƙarewa a teku? Fashin baƙi

Bara waccan na zuba 'ya'yan tarwaɗa dubu ɗaya a tankin tamfol a bayan gidanmu nan Aboabo, unguwa a Kumasi ta ƙasar Ghana, tankin da wanda ya haɗa min shi ya ce kar in wuce ɗari huɗu. Lissafina a lokacin mai sauƙi ne, in ɗari huɗu za su kawo min kaza toh dubu za su ninka shi biyu da rabi, abinci kuwa na riga na sayo buhuna na jibge a ɗaki, me ya rage? Sati shida na farko komai lafiya lau, in na watsa abinci ruwan har kamar tafasa yake. Daga nan sai girma ya tsaya, wasu 'yan ƙalilan suka yi ƙato suna haɗiye ƙannensu, sauran suka maƙale kamar yatsa, sai kuma ruwan famfo ya ɗauke mana kwana huɗu ban samu na canja musu ruwa ba. Rana ta biyar ina dawowa daga sallar asuba wari ne ya tarbe ni tun daga zaure. Bokiti uku na kwashe.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne buhunan abincin nan suna ɗaki ko rabi ba a ci ba. Wato ba yunwa ce ta kashe su ba, ƙazantarsu ce. Kifi yana fitar da wani guba da ake kira amoniya a cikin ruwan da yake zaune, in kifin kaɗan ne ruwan yana iya shanye shi na kwanaki, in sun yi yawa kuma sai ruwan ya zama musu dafi, kuma ko da yake tarwaɗa tana da taurin rai har tana leƙowa sama ta shaƙi iska, wannan bai cece ta daga guban ba. Tun daga ranar na shiga bin diddigin maganar nan, sai na gane ashe abin da ya same ni a bayan gida shi ne dokar da ke tafiyar da duk wani mai rai a daji da tafki da teku, kuma masana sun daɗe suna nazarinta. Shi ne nake so mu warware yau 'yan uwa, a hankali.

Mu fara da haihuwa. Duk wani abu mai rai, in ka ba shi wuri da abinci ka kawar masa da maƙiyi, ba ƙaruwa yake yi ɗaya bayan ɗaya ba, ninkuwa yake yi. Akwai ƙwayar bakteriya da ke rabuwa biyu duk minti 20 in ta samu yadda take so, kaga a awa ɗaya ta ninku sau uku, a awa 10 sau 30 kenan, guda ɗaya tal ta haura biliyan. In ka zana wannan a takarda layin yana kwance da farko kamar ba abin da ke faruwa, sai ya miƙe sama kamar harafin J. Kuma ba a ɗakin gwaji kaɗai ake ganinsa ba. A 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa kusa da Geelong a Ostareliya don ya riƙa farauta, ƙasar da babu dabbobin da suka saba cin zomo kuma ga ciyawa ba iyaka, kafin 1950 ana ƙiyasta sun kai miliyan 600, har shingen waya na dubban kilomita aka ja bai tare su ba. Ba sai mun je nesa ba ma, ciyawar nan da muke kira Acampon daga nahiyar Amurka ta fito, ta zo nan ba ta tarar da ƙwarin da ke cinta a gida ba, a shekarun 1970 ta mamaye gonaki har aka laƙaba mata sunan shugaban ƙasa na lokacin.

Toh in haka haihuwa take, me ya hana ɓera cika kasuwar Kejetia ta nan Kumasi har ya kai wuya? Ɓera ɗaya tana haihuwa sau da yawa a shekara, kowane ciki 'ya'ya barkatai, kuma 'ya'yan cikin 'yan watanni su ma sun fara. Amma duk wanda ya daɗe a kasuwa zai gaya maka ɓerayen suna nan yadda suke, ba su ƙare ba, ba su kuma cika kasuwar ba. Amsar ita ce kowane wuri yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, adadin bakin da zai ciyar ya shayar ya ba mafaka shekara da shekaru ba tare da shi wurin ya lalace ba. Daidai ruwa daidai tsaki. In an kusanci wannan iyakar sai haihuwa ta ragu mutuwa ta ƙaru, har su biyun su yi kunnen doki, layin da ya miƙe sama sai ya lanƙwashe ya kwanta, ya koma kamar harafin S. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Pierre Verhulst, shi ya fara rubuta wannan a lissafe tun 1838.

Bari in yi mana lissafin da ƙananan lambobi don nan ne daɗin maganar yake, misali ne kawai na ƙirƙira don a gane. A ce wuri yana ɗaukar dabba 1000, kuma in ba matsi kowace dabba biyu suna ƙara ɗaya a shekara. In dabbobin 100 ne, da sun ƙara 50, amma kashi ɗaya cikin goma na wurin ya riga ya cika, saura tara, sai ƙarin ya zama 45. In 500 ne, da sun ƙara 250, amma rabin wurin ne ya rage, sai ya zama 125. In 900 ne, da sun ƙara 450, amma kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya rage, sai ya koma 45. In sun kai 1000 ƙarin sifili ne, ana haihuwa ana mutuwa daidai wa daida. In kuma suka wuce suka kai 1200 sai lissafin ya juya, a shekara a rasa 120. Ka lura da inda ƙarin ya fi yawa, ba lokacin da suke kaɗan ba ne don iyayen ba su da yawa, ba kuma lokacin da suka cika ba ne don ba wuri, a tsakiya ne, lokacin da wurin yake rabi.

Wannan tsakiyar ita ce sirrin ɓerayen kasuwa. Mai shago ya sayi maganin ɓera ya zuba, ya kashe rabi, yana murna, bai san ya mayar da su daidai inda suka fi saurin hayayyafa ba ne, don waɗanda suka rage yanzu abinci ya yalwata musu, ramuka sun yi yawa, 'ya'yan da a da yunwa za ta kashe yanzu suna rayuwa, bayan 'yan watanni sun cike gurbin. Shi ya sa masu yaƙi da ɓera da suka san aikinsu ba guba suke fara nema ba, bola suke fara kwashewa, a rufe hatsi, a toshe rami, a gyara kwata. Ka sauke iyakar wurin, adadin zai sauko da kansa. Muddin ragowar waake da kanzon tuwo suna kwana a bakin kwata toh kana kiwon ɓera ne ko ka sani ko ba ka sani ba.

Sai tambaya ta gaba, wane abu ne yake kafa iyakar? Mutane da yawa abinci kawai suke tunani, ni ma shi na yi tunani shi ya sa na jibge buhuna. Amma ka ɗauki durom ɗin ajiyar ruwa mai huji uku a jiki, ɗaya can sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da gindi. Komai yawan ruwan da ka zuba ba zai wuce hujin ƙasa ba, ko ka kwana kana liƙe na sama ɓata lokaci ne. Ranar da ka toshe na ƙasa ruwan zai hau, amma sai ya tsaya a na tsakiya. Haka rayuwa take, abin da ya fi ƙaranci shi ne mai mulki, ba abin da ya fi yawa ba. Masanan noma na Jamus, Carl Sprengel da Justus von Liebig, su suka fito da wannan tun ƙarni na 19 a kan shuka da taki, cewa ƙasa ko tana da komai in sinadari ɗaya ya gaza toh amfanin gonar a kansa zai tsaya. A tankina hujin ƙasa ruwa mai tsabta ne. A arewa wajen gandun dajin Mole da rani ya yi nisa hujin ƙasa mashaya ce, shi ya sa giwa da sauran namun daji ke taruwa bakin 'yan tafkunan da suka rage. Ga tsuntsun da ke sheƙa a kogon itace hujin ƙasa tsofaffin itatuwa ne, ka sare su ko 'ya'yan itace sun cika dajin ba zai ƙaru ba. Ga tsiron da ke ƙarƙashin manyan itatuwa a kurmi kuma hasken rana ne.

Masana sun raba abubuwan nan gida biyu, kuma rabon yana da amfani sosai. Akwai waɗanda ƙarfinsu ya danganta da cunkoso, in ana kaɗan ba ka jin su, in aka yi yawa sai su tashi da ƙarfi. Gasar abinci tana nan, cin juna irin na tarwaɗa yana nan, taruwar ƙazanta tana nan, maharba da masu farauta suna nan don inda nama ya yi yawa nan suke tururuwa, uwa uba cuta. A ƙarshen 2018 wata cutar bairos ta shiga kejin masu kiwon karfasa a tafkin Volta ta yi musu mummunar ɓarna, kuma ba abin mamaki ba ne don kifi dubbai a keji ɗaya jiki na gogar jiki, keji kusa da keji, cuta ba ta buƙatar tafiya mai nisa. Waɗannan su ne birki na gaske, su ne suke riƙe adadi kusa da iyaka, in ya hau su danne shi, in ya sauka su sassauta. Sai gida na biyu, waɗanda ba ruwansu da ko ku goma ne ko dubu goma, fari, gobarar daji, ambaliya, sanyi mai tsanani. Iyayenmu har yau suna ba da labarin 1983, fari ya zo, wuta ta cinye gonakin koko da na abinci, ga kuma 'yan ƙasa wajen miliyan da aka koro daga Najeriya a shekarar. Wutar nan ba ta ƙirga gafiya nawa ke cikin daji kafin ta ci ba.

Sai dai a zahiri su biyun tare suke aiki, kuma labarin da ya fi nuna min wannan shi ne na wani tsibiri a tekun Bering can wajen Alaska mai suna St. Matthew. A 1944 lokacin yaƙin duniya na biyu masu tsaron gaɓar tekun Amurka suka kai wata irin barewa ta ƙasashen ƙanƙara guda 29 tsibirin don ta zama abincin ko-ta-kwana ga ma'aikatansu, yaƙi ya ƙare mutanen suka tafi suka bar su. Ba kerkeci, ba maharbi, ga wani irin gansakuka da suke ci ya yi kauri a ƙasa don shekaru aru-aru ba wanda ya taɓa shi. Wani masani mai suna David Klein ya je a 1957 ya ƙirga 1,350, duk sun yi ɓul-ɓul. Ya koma a 1963 ya tarar da 6,000, amma jikinsu ya ragu, gansakukan kuma an cinye an tattake. Sai hunturun 1963 zuwa 1964 ya zo da dusar ƙanƙara mai tsanani. Da ya sake komawa a 1966 ƙasusuwa ya tarar a warwatse, masu rai 42, mata 41 da namiji ɗaya da bai iya ba da ciki ba, daga baya suka ƙare ƙaf.

Ni abin da ya kama ni a labarin nan ba mutuwar ba ce, jinkirin ne. A lokacin da barewar nan suka wuce iyakar tsibirin ba wata ƙararrawa da ta kaɗa, suna ƙoshi suna haihuwa, don ba abin da gansakukan ke tsirowa a shekara suke ci ba, ajiyar shekaru suke cinyewa, kamar ɗan kasuwan da ya fara cin uwar kuɗi yana ganin riba ce. Shi kuma gansakukan nan a hankali yake girma, sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya dawo. Wato ba wuce iyaka kawai suka yi ba, sun rusa iyakar da kanta, tsibirin da a da zai iya riƙe wani adadi har abada ya koma ba ya iya riƙe ko kusa da shi. Hunturun ya zo ya tarar da dabbobi masu yawa, ramammu, ba ajiya, sai ya ƙarasa. Da 'yan ɗaruruwa ne a tsibirin da abincinsu a ƙasa, da wuya ɓarnar ta kai haka. Haka nan ɗaukewar ruwan famfo ta yi min, da ɗari huɗu na zuba da kwana huɗun nan wahala kawai za su sha.

Iyakar kuma ba ƙusa ba ce da aka kafa a bango, tana hawa tana sauka. Ga misali a gida. Da aka gama madatsar Akosombo da ta haifar da tafkin Volta a 1965 ruwa ya haɗiye dazuka da gonaki, ganye da ciyawa suka ruɓe a ciki suka zama taki, ƙananan halittun da kifi ke ci suka yi yawa, kifi ya ɓarke, masunta suka yi ta ƙaura zuwa bakin tafkin, a 1969 abin da aka kama ya kai wajen tan dubu 60. Da takin nan ya ƙare sai kamun ya sauko wajen tan dubu 40 ya zauna a nan na shekaru. Ba laifin kowa ba ne, garaɓasar farko ce ta wuce tafkin ya koma ainihin ƙarfinsa. A Serengeti ta Tanzaniya kuma hujin durom ne aka toshe aka ga na gaba. Akwai wasu shanun daji masu gemu da ke ƙaura a can, ciwon bushiya da ya shigo Afirka a ƙarshen shekarun 1880, wanda ya ƙarar da shanun Fulani a ƙasashenmu ma, shi ya danne su shekara da shekaru. Da aka yi wa shanun gida rigakafi cutar ta bar dajin, sai suka tashi daga wajen dubu 250 a farkon shekarun 1960 suka haura miliyan ɗaya kafin ƙarshen shekarun 1970, sannan suka tsaya wajen miliyan 1.3. Me ya tsayar da su, zaki? A'a, ciyawar rani ce, in rani ya yi tsanani yunwa ta rage su, in damina ta yi kyau su farfaɗo.

Yanzu mu zo kan amani, ƙaramin kifin tekun nan, don wannan ya shafi tukunyar kowa a zango, daga mai shito har mai miyar kuka. Kifin nan rayuwarsa a kan wani abu take da ke faruwa a tekunmu daga wajen Yuli zuwa Satumba, ruwan sanyi na ƙasan teku ya taso sama ɗauke da taki, ƙananan halittu su yi yawa, amani ya samu abinci ya yi ƙwai, shi ya sa a da in watan Agusta ya kama kifi har rasa mai saye yake a bakin teku a Chorkor da Elmina. Ka tuna lissafinmu na ɗazu, kifi ya fi saurin cike gurbi in yana wajen rabin iyakarsa, don haka masunci yana iya ɗibar ƙarin nan duk shekara har jikokinsa ba abin da zai taɓa uwar kuɗin. Amma in ana ɗibar fiye da ƙarin, iyayen suna raguwa, ƙarin baɗi ya fi na bana ƙanƙanta, a sake ɗiba, haka haka. Kwalekwale sama da dubu 12 a gaɓar teku ɗaya, ga raga mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan da ba su taɓa yin ƙwai ba, ga kamu da fitila da dare, ga manyan jirage masu jan taru da suka riƙa kama ƙananan kifin da ba nasu ba su daskarar su sayar a tsakiyar teku, abin da ake kira saiko. Amanin da aka sauke a 1996 ya haura tan dubu 135, a 2016 bai kai tan dubu 30 ba. Wannan ne ya sa a 2019 aka rufe teku na wata guda ga masu kwalekwale don kifin ya samu ya yi ƙwai. Na san wata guda ba kamu ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, kuma ina ganin rashin adalci ne a matsa wa mai kwalekwale in ba a kama babban jirgi ba, amma ita dabarar daidai take da yadda kifin ke hayayyafa, ba zalunci aka ƙirƙiro ba.

Ko nan kusa da mu, duk wanda ya saba zuwa tafkin Bosomtwe ya san tafki ne rufaffe, ramin da dutse daga sama ya faɗo ya haƙa sama da shekara miliyan ɗaya, ba kogin da ke fita daga cikinsa, ruwan sama da 'yan ƙoramu ne ke ciyar da shi. Tanki ne babba kawai. Masuntan wurin a kan gungumen katako suke hawa su shiga, al'adarsu ba ta yarda da kwalekwale irin na teku ba, kuma ni a ganina wannan al'adar ta daɗe tana yi wa kifin katanga ko ba da niyya ba, don abin da mutum zai ɗiba a kan katako yana da iyaka. Amma ƙauyukan da ke zagaye sun ƙaru, raga ta ƙaru, zuwana na ƙarshe karfasar da aka soya mana ba ta fi tafin hannun yaro ba.

Na san inda wasu za su tsaya, don da na yi wannan bayanin a majalisarmu bayan la'asar wani dattijo da muke kira Baba ya ce min, yaro, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kar bokon nan ya kai ka inda ba a zuwa. Na ce Baba gaskiya ne, ni ma a kan haka nake, amma Wanda ya tsaga bakin Shi ya yi komai da gwargwado, kuma ko kai in ka shuka masara ka ga tsiro biyar a rami ɗaya cirewa kake ka bar biyu, ba ka taɓa cewa rashin tawakkali ne ba. Ya yi dariya ya ce wannan masara ce ba mutum ba. Kuma a nan yana da gaskiya fiye da yadda yake zato, don mutum daban yake da barewa. Thomas Malthus ɗan Ingila ya rubuta a 1798 cewa mutane ninkuwa suke abinci kuma a hankali yake ƙaruwa don haka yunwa na jiran mu, abin da bai hango ba shi ne mutum yana iya toshe hujin durom da hannunsa. A farkon ƙarni na 20 Fritz Haber da Carl Bosch a Jamus suka gano yadda ake ciro naitirojin daga iska a yi takin zamani, aka samu ingantaccen iri, aka samu rigakafi, aka samu jirgin da ke kawo shinkafa daga wata nahiya. Ghana mutum miliyan 6.7 ce a ƙidayar 1960, a ta 2021 mun kai miliyan 30.8, kuma ba a ce kowa ya mutu da yunwa ba.

Amma hannun da ke toshe huji shi ne kuma ke huda sabo, kuma wannan ne yake tayar min da hankali. Ka je ka kalli kogin Ofin ko Pra ko Ankobra yau, ruwa ya koma kamar kunu saboda galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, kifin da ke ciki iyakarsa ta faɗi, gonar kokon da aka haƙe ta zama rami ba za ta ciyar da kowa ba na shekaru, mu kuma da muke sha daga madatsun Barekese da Owabi kar mu ɗauka abin yana nesa, Barekese a kan Ofin ɗin take. Wannan cin uwar kuɗi ne irin na tsibirin can, kuma shi ma yana da jinkirinsa, yau ana ganin zinariya da sabbin babura, lissafin sai daga baya. A zangunanmu kuma hujin ƙasa ba shinkafa ba ce, tana nan a kasuwa ga mai sidi, hujin ƙasa ɗaki ne da banɗaki da ruwa da kwata. Gida ɗaya iyali goma, bayi ɗaya na unguwa ana layi, in kwalara ta shigo haka take bin mutane kamar yadda cuta ta bi kejin Volta, a 2014 ta kama sama da mutum dubu 28 a ƙasar nan, mafi yawansu a Akara, a unguwannin da suka fi cunkoso. Ba yawan mutanen ne laifin ba, akwai biranen da suka fi mu cunkoso nesa ba kusa ba kwalara ba ta san hanyarsu ba, don sun ɗaga iyakarsu da famfo da magudanar ƙazanta kafin jama'ar su iso. Mu jama'ar ce ta riga kayan aikin zuwa.

Tankin nawa yana nan. Zubin bana 350 na sa, na sayi durom biyu na ajiye ruwa don ranar da famfo zai ɗauke, duk sati biyu ina ware manya daga ƙanana kar su ci juna, abinci kuma ina ba su daidai abin da za su cinye nan take don ragowar ita ma ruɓewa take ta ɓata ruwan. Da na kwashe su wata biyar da 'yan kwanaki, nauyin da na auna ya fi na zubin dubun nan nesa, kuma buhunan da suka ci ba su kai na wancan ba. Yanzu ƙanena yana matsa min mu ƙara tanki na biyu, na ce masa ya bari tukuna mu ga yadda ruwan unguwar zai kasance in rani ya shiga, don durom biyun nan tanki ɗaya kawai za su iya riƙewa kwana huɗu.